Allurar Baba Alhaji da zafin Makka

Talata, bayan isha'i.

Kantin maganinmu ya cika tun hantsi, galibi alhazan Najeriya da Nijar da suka sauka a unguwar Misfala ta Makka, masu tari da masu kumburin ƙafa. Wajen la'asar wani dattijo Bakatsine ya shigo da jikansa, ya ajiye alƙalamin insulin, wato allurar ciwon suga mai siffar biro, a kan kanta, ya ce suga ya ƙi sauka alhali bai taɓa fashin allura ba. Na tambayi inda yake ajiye ta. A jakar hannu, in ji shi, jakar kuwa ta wuni cikin motar ziyara, a makon da zafi ke haura digiri 40.

Ya ɗaga alƙalamin wajen fitila. "Ɗana, ai ruwan nan garau yake."

Na ce, "Baba Alhaji, rawani in an warware shi, ƙyallen bai ragu ba, amma ya tashi daga rawani." Ya yi dariya, ya ce yaran Makka akwai baki.

Gaskiyar kuwa ke nan. Insulin furotin ne, ɗan ƙarami, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 51 a sarƙa biyu, ɗaya 21, ɗaya 30, ga ƙulli uku na farar wuta da ke riƙe da naɗin. Masanin kimiyya Frederick Sanger ne ya gano jerinsu a Kambirij ta Ingila, aka ba shi kyautar Nobel a 1958. Sai dai jerin kaɗai ba ya aiki, naɗin ne ke sa ya dace da mazauninsa a jikin ƙwayar halitta. Zafi kan sassauta naɗin, ƙwayoyin insulin ɗin su manne wa juna, ƙarfin maganin ya ragu, sau da yawa tun ido bai ga komai ba.

Abin da ke burge ni tun muna makaranta, jiki ma ba ya ƙera shi a gamamme. Doguwar sarƙa ɗaya ake fara yi, ta naɗe, ƙullin su kama, sannan a yanke tsakiyarta a fitar. Guntun da aka cire, C-peptide, shi likitoci ke aunawa don sanin ko jikin mutum na yin nasa insulin, tunda na kwalba ba ya zuwa da shi.

Na ba shi sabo bisa takardarsa, na kuma matsa masa ya ga likitan tawagarsu yau ɗin nan, domin gajiya da canjin cima ma na iya tayar da suga. Wanda ba a buɗe ba, firiji, digiri 2 zuwa 8. Jikan ya ce to zai sa a gidan ƙanƙara. Na ce kul, daskarewa ma lalata shi take yi, ya sa a tsakiyar firiji, nesa da bangon baya.