Yadda gado yake shiga tsakanin ƙwayar HIV da garkuwar jiki

Likitocin da ke kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV sun daɗe suna ganin mutum biyu da suka kamu a lokaci kusan ɗaya, ɗaya garkuwar jikinsa ta rushe cikin 'yan shekaru idan bai sami magani ba, ɗayan kuwa ya shekara goma ko fiye da ƙyar ake gano ƙwayar a jininsa, alhali bai taɓa shan magani ba. Irin wannan na biyun ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma bincike ya nuna cewa muhimmin ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar da suka gada daga iyaye.

Gadon da ya fi yin suna shi ne wanda ya shafi CCR5, wani furotin da ƙwayar HIV take kamawa kafin ta kutsa cikin fararen ƙwayoyin jini na CD4. A 1996 aka gano cewa wasu mutane sun gaji nau'insa mai giɓi daga uwa da uba, don haka ƙwayar ba ta samun abin kamawa. Da ɓargon irin wannan mutumin aka yi wa Timothy Ray Brown dashe a Berlin a 2007 saboda sankarar jini, ya kuma rabu da HIV gaba ɗaya. Sai dai wannan gado na mutanen arewacin Turai ne, inda kusan mutum ɗaya cikin ɗari ya gaje shi ta ɓangarori biyu. A Afirka kusan babu shi.

Abin da ya fi shafarmu, a ganina, shi ne ƙwayoyin halittar HLA da ke kan kuromosom na 6 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta). Aikinsu shi ne ɗauko gutsattsarin abin da ke cikin tantanin da ya kamu su baje shi a waje, kamar yadda mai talla ke jera kaya a faranti, domin ƙwayoyin CD8 masu kashe tantanin da ya kamu su gani su gane. Kowane nau'in HLA yana da irin gutsuren da yake iya riƙewa. Wani babban bincike da mujallar Science ta wallafa a 2010, wanda Bruce Walker na Jami'ar Harvard yake cikin jagororinsa, ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin masu danne ƙwayar HIV ba tare da magani ba da sauran mutane ya taru ne a 'yan wurare kaɗan cikin ramin da ke jikin HLA inda gutsuren yake zama. Nau'in HLA mai suna B*57 yana nuna sassan Gag, wani furotin na ƙwayar HIV, waɗanda ƙwayar ba ta iya sauyawa sai ta yi asarar ƙarfin hayayyafa, shi ya sa masu shi suke daɗewa da lafiya. A Afirka ta Kudu an ga B*58:01 yana kāriya, yayin da B*58:02, wanda bambancinsu ɗan ƙanƙane ne, yake tafiya da yawan ƙwayar a jini.

Ita ma ƙwayar HIV ba a zaune take ba. A 2014 ƙungiyar Philip Goulder ta Jami'ar Oxford ta nuna cewa a Botswana, inda annobar ta daɗe kuma ta yi tsanani, ƙwayar ta saba da B*57 har kāriyarsa ta dusashe, ko da yake ita ma ta ragu a ƙarfin yaɗuwa cikin jiki. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai ɗauke da cutar dogara da jininsa ya ajiye magani.

Abin takaici shi ne, an daɗe ana gudanar da yawancin irin wannan bincike a kan Turawa, alhali mafi yawan masu cutar a Afirka suke, Najeriya kaɗai tana da kusan miliyan biyu. Sai a 2023 mujallar Nature ta wallafa binciken kusan mutum 3,900 'yan asalin Afirka, wanda ya gano wani sauyi kusa da ƙwayar halittar CHD1L a kuromosom na 1 da ke rage yawan ƙwayar a jini, sauyin da ba a samu a Turawa ba.