Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Caparra Ta Cinye Mini Yuro 200

A makon jiya na tsaya inda na sami aiki a wani kamfanin ƙarafa a bayan garin Brescia, a ƙasar Italiya. Da albashi ya fara shigowa sai kwanan mutum biyar a ɗaki ɗaya ya ishe ni, na bazama neman haya.

Italiyancina a lokacin na wurin aiki ne da kasuwa. Na dai san affitto kuɗin haya ne, shi ke nan. Wata tsohuwa ta nuna mini ɗaki da falo, Yuro 450 a wata, ta ce in ba da caparra ta riƙe mini. Na ƙirga Yuro 200, ta rubuta 'yar takarda, na sa hannu ko karantawa ban yi ba. Bayan kwana uku na sami wani kusa da wurin aiki, na koma karɓar kuɗina. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan takardar, ta ce ai ni na fasa. Na fito ina cewa an cuce ni.

Ranar Juma'a na kai kuka wurin wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya fi shekara ashirin a ƙasar. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, ba ta cuce ka ba. Caparra kafin alƙalami ce. Ka fasa, ta tafi. Da ita ta fasa, ninki biyu za ta biya ka."

"To Baba, wacce ake mayarwa?"

"Cauzione. A takarda za ka ga deposito cauzionale."

Ya ce tun 1978 dokarsu ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata uku a matsayin wannan ajiya, kuma ranar da ka tashi, in ba ka ɓata komai ba, a mayar maka har da ɗan ruwa a kai. (Maganar ruwan nan mun sha musu a masallaci, amma ba yau ba.) Abin haushin shi ne su kansu Italiyawan a bakinsu sukan kira duka biyun caparra. Tun daga ranar nake tambaya a fili: "Si restituisce?", wato ana mayarwa?

A gida na biyu mai gidan ya nemi due mensilità, wata biyu. Baba ya hana ni miƙawa hannu da hannu, ya ce in yi bonifico, wato in tura ta banki. Na je banki da kuɗin a aljihu ina in'ina, ma'aikaciyar ta ce, "Versamento?" Sai na tuna versare da ake cewa in za a zuba ruwa a kofi. Ashe su ma zuba kuɗi suke cewa, kamar mu! Na zuba, na kwafi IBAN ɗin mai gidan, wato lambar asusunsa na banki, IT ne a farko, haruffa da lambobi 27, na duba sau uku. A layin causale, inda ake rubuta dalili, na sa deposito cauzionale da adireshin gidan. Rasit ɗin yana cikin jakata har yau.

Kwantiragin na shekara huɗu ne da ƙarin huɗu, kuma dole a yi masa rajista a Agenzia delle Entrate, hukumar harajinsu, cikin kwana 30. Kwana 40 suka wuce mai gidan bai nuna mini komai ba, ga takardar zamana ta kusa ƙarewa. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.