Hukumar da ke tallata hajar da ba tata ba

Hukumar yawon buɗe ido ta jiha tana cikin wani hali da ba kowace ma'aikatar gwamnati ke samun kanta a ciki ba, domin an ɗora mata nauyin sayar da hajar da ba ta mallaka ba. Ba ta da otal ko ɗaya, ba ta da jirgin sama, ba ita ke shimfiɗa titin da zai kai baƙo bakin tafki ko gindin dutse ba, kuma ba ta da ta cewa a kan direban tasin da zai ɗauko shi daga filin jirgi. Matsayinta na dillali ne, wanda yake yabon kaya a gaban mai saye alhali kayan suna hannun dubban mutanen da ba su ma san an ɗauki alkawari da sunansu ba. Na daɗe ina bibiyar yadda irin waɗannan hukumomi ke aiki a ƙasashe daban-daban, kuma ra'ayina shi ne taken talla da hotuna masu ɗaukar ido, waɗanda jama'a suka fi sani, su ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin shi ne yanke shawara a kan wane baƙo ake nema, a wane wata, zuwa wane yanki, da kuma ko wurin zai iya cika abin da aka faɗa masa.

Alamar da ta fi kowace shahara a wannan fage ta fito ne a shekarar 1977. A lokacin birnin Niyok na Amurka yana cikin mawuyacin hali: ya kusa tsiyacewa a 1975, labarin aikata laifuka ya cika jaridu, kuma a watan Yulin 1977 wutar lantarki ta ɗauke aka wawashe shaguna. Ma'aikatar kasuwanci ta jihar Niyok, wadda birnin yake cikinta, ta ɗauki kamfanin talla na Wells Rich Greene, sannan aka nemi mai zane Milton Glaser ya samar da alama. A cikin tasi ya zana ta, da jan fensirin kala a jikin ambulan: harafin I, da jar zuciya, da haruffan N da Y, wato "ina ƙaunar Niyok" da Turanci. Bai karɓi ko sisi ba, don ya ɗauka tallan na ɗan lokaci ne, ga shi yau wannan ambulan tana ajiye a gidan adana kayan fasahar zamani na birnin. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne jiha ce ta ɗauki nauyin aikin domin jihar baki ɗaya, har da magangarar ruwan Niagara da tsaunukan Adirondack da tafkunan da ake kira Finger Lakes, amma duk wanda ya ga alamar a jikin riga a yau, birnin kaɗai ke zuwa masa a rai. Wannan matsala tana bin kowace hukumar jiha: babban birni ko sanannen wuri guda ya kan haɗiye saƙon, ƙananan garuruwan da suka fi bukatar baƙi su tashi a tutar babu, alhali da harajinsu aka biya kuɗin tallan.

Kafin a kai ga zane ko waƙar talla, ana fara aikin ne da ƙididdiga. Hukumar da ta san abin da take yi tana raba baƙi gida-gida. Akwai waɗanda za su tuƙo mota na sa'o'i uku ko huɗu daga jihohin maƙwabta, akwai waɗanda sai sun hau jirgi, akwai masu zuwa ziyarar 'yan'uwa waɗanda ba sa kwana a otal, akwai kuma mahalarta taro waɗanda kamfanoninsu ke biya musu komai. Wanda ya zo da safe ya koma da yamma ya ƙara cunkoso a hanya amma ɗan abin da ya bari kaɗan ne, wanda kuwa ya kwana uku ya biya masauki, ya ci abinci, ya ɗauki ɗan rakiya, ya yi tsaraba. Shi ya sa ƙwararru a harkar suka fi damuwa da yawan kwanakin da aka yi a masauki a kan yawan mutanen da suka shigo. Kuɗin aikin ma daga nan yake fitowa a wurare da dama, ta hanyar ɗan harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin ɗakin otal. A Kalifoniya kuwa 'yan kasuwar da ke cin moriyar baƙi ne ke tara mafi yawan kuɗin da kansu. Tsarin yana da kyau ta fuskar cewa baƙo ne ke biyan kuɗin kiran baƙo, amma ina ganin yana da haɗari, domin masu manyan otal-otal ne ke cika kujerun kwamitin gudanarwa, kuma da wuya mutum ya jefa ƙuri'ar a karkata talla zuwa ƙauyen da ba shi da ɗaki ko ɗaya a cikinsa.

Akwai kuma ɓangaren da matafiyi ba ya gani sam, wato cinikin da ake yi da kamfanonin shirya tafiye-tafiye. A kowane watan Maris ana baje kolin harkar tafiye-tafiye na ITB a Berlin, wanda aka fara tun 1966, a watan Nuwamba kuma a yi na World Travel Market a Landan. A irin waɗannan wurare jami'in hukuma yana zaune ne a ɗan ƙaramin tebur da jadawalin ganawa a gabansa, kowace ganawa ba ta wuce 'yan mintoci ba. Wakilin kamfanin da ya zauna ba ya tambayar kyawun faɗuwar rana. Yana so ya ji sa'o'i nawa ne daga filin jirgi zuwa wurin, ko babbar bas za ta iya bin hanyar, ɗakuna nawa za a iya keɓe masa a dare guda, wane harshe 'yan rakiya ke ji, asibiti mafi kusa yana ina, da kuma ko farashin da aka ba shi yau zai tsaya har baɗi, tunda shi kundin tafiye-tafiyensa na shekara mai zuwa yake haɗawa. Jami'in da ya kasa amsa waɗannan ya yi asarar ganawar, komai kyan hotunan da ke bayansa. Daga nan ne ake gayyatar wakilan kamfanoni da 'yan jarida, yanzu har da masu yawan mabiya a kafofin sada zumunta, su zo su ga wurin da idonsu a kan kuɗin hukuma, saboda gani ya kori ji. Ba na ganin laifin wannan al'ada matuƙar wanda aka gayyata ya bayyana wa masu karatunsa cewa ɗaukar nauyinsa aka yi.

Wani lokaci dabara guda takan yi aikin da kuɗi mai yawa ba zai yi ba. A watan Janairun 2009 hukumar jihar Queensland ta Ostareliya ta saka sanarwa a shafukan neman aiki na jaridu a ƙasashe da dama, tana neman mai kula da tsibiran yankin Great Barrier Reef, wato dogon jerin duwatsun murjani da ke cikin teku, na wata shida, da albashin dalar Ostareliya 150,000 da gida a tsibirin Hamilton. Sharaɗin shi ne mai nema ya aiko da bidiyon minti ɗaya. Sama da mutum 34,000 suka nema, gidajen rediyo da talabijin na duniya suka ɗauki labarin kyauta, kuma wani ɗan Ingila, Ben Southall, ya samu aikin. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai irinta sau ɗaya take ci, kuma yawan waɗanda suka ji labari daban yake da yawan waɗanda suka sayi tikiti.

To, idan aka rufe hukumar gaba ɗaya, me zai faru? Jihar Kolorado ta Amurka ta gwada. A 1993 masu jefa ƙuri'a suka ƙi amincewa a ci gaba da ɗan harajin da ake biyan talla da shi, kasafin da ya kai kusan dala miliyan 12 ya koma babu. Binciken kamfanin Longwoods International ya nuna cewa kason jihar a cikin tafiye-tafiyen hutu na Amurkawa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara biyu, kuma sai a shekarar 2000 majalisar dokokin jihar ta kafa sabon ofishi. Jihar Washington ma ta rufe nata ofishin a 2011 saboda ƙarancin kuɗi, 'yan kasuwa suka riƙe aikin da ƙyar, har majalisa ta dawo da tallafi a 2018. Ana yawan kafa hujja da labarin Kolorado a gaban 'yan majalisa duk lokacin da ake muhawarar kasafi, kuma na yarda da jigonsa, cewa tsaunuka ba sa tallata kansu idan maƙwabta suna ta kira. Amma ya kamata mai karatu ya tuna cewa galibin alƙaluman da ke cewa kowace dala ɗaya ta talla ta dawo da ninki kaza, kamfanonin da hukumomin suka ɗauka haya ne ke fitar da su. Kuɗin jama'a ne ake kashewa, don haka dole a buɗe littafi. A Filorida, sai da 'yan majalisa suka matsa lamba a 2016 kafin a bayyana cewa hukumar ta ƙulla kwangilar dala miliyan 1 da mawaƙi Pitbull, kuma shugabanta ya sauka daga muƙaminsa a dalilin haka.

Tallan da na fi girmamawa shi ne wanda ya san iyakarsa. Jihar Nebraska ta Amurka, wadda binciken ra'ayin matafiya ya sha sanyawa a ƙarshen jerin jihohin da ake sha'awar ziyarta, ta fito a 2018 ta ce wa duniya a fili ba kowa ne wurin zai yi wa ba. Abin da take da shi na gaske ne, kamar dubban ɗaruruwan gauraki masu ƙaura da ke sauka a kogin Platte a watan Maris, kuma mai son irin wannan kallo shi take nema, ba mai neman bakin teku ba. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta ɗauki daminarta, wato watannin Yuni zuwa Satumba da otal-otal kan zama wayam, ta mayar da ita lokacin zuwa hutawa da jinyar gargajiya ta Ayurbeda. Cike ɗaki a watan da kasuwa ta mutu ya fi amfani ga ma'aikacin otal fiye da ƙara cunkoso a watan da babu masaka tsinke, domin shi ne ke hana a sallame shi rabin shekara. A garin Kumarakom, tun daga 2008, gwamnatin jihar ta haɗa otal-otal da manoma da ƙungiyoyin mata na yankin domin a riƙa sayen kayan lambu da kayan sana'ar hannu daga wurinsu. Wannan aiki ba ya fitowa a allon talla, amma shi ne ke sa mazauna gari su karɓi baƙo da fuska a sake.

Jihar Hawai ta Amurka ce ta nuna abin da ke biyo baya idan kira ya yi yawa. A 2019 baƙi sama da miliyan 10 suka shiga jihar da mazaunanta kimanin miliyan 1.4 ne kawai, ƙorafi a kan cunkoson hanyoyi da tsadar gidaje da tattake wurare masu alfarma a wurin 'yan asalin tsibiran ya yi ƙamari. Hukumar yawon buɗe idon jihar, wadda aka kafa a 1998 domin ta ƙara yawan masu zuwa, sai ga ta tana tallan da ke roƙon baƙo ya kula da ƙasar, ya ba da sa'o'i kaɗan ya dasa bishiya ko ya share bakin teku. A gandun Haena da ke tsibirin Kauai, bayan ambaliyar 2018 ta datse hanya fiye da shekara guda, an sake buɗewa a 2019 da ƙa'idar mutum 900 a rana, kuma sai baƙo ya yi rajista tun kafin ya zo. Hukumar kula da gandaye da mutanen yankin ne suka tsara wannan, ba masu talla ba, amma masu talla ne aka bar wa aikin sanar da matafiyi tun yana gida cewa idan bai yi rajista ba, za a mayar da shi daga bakin ƙofa. Hukumar ta Hawai tana kuma tambayar mazauna a kai a kai ko suna ganin amfanin baƙi ya rinjayi wahalarsu, tana wallafa amsar ko da ba ta yi mata daɗi ba. Da ni ɗan majalisa ne a kowace jiha, wannan shafi zan fara nema a rahoton shekara, sannan yawan kwanaki a masauki wata-wata da yanki-yanki, kafin in sa hannu a kasafin baɗi.