Kular shinkafar da na bari a but ɗin mota

Ƙarfe huɗu na dare maman yara ta ɗora tukunya, kuma ni na ce a yi hakan. Kwana biyu ke nan da ƙaramar Sallar 2024, wadda ta faɗo a watan Afrilu. Tun cikin azumi na yi wa yara alkawarin zan fitar da su daga Jos, in kai su Abuja su hau lilon da suke gani a waya. Na yi lissafin mai, na yi na tikiti, na ga in har muka sayi abinci a can aljihu ba zai ɗauka ba, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 tafiya ta zama abin da ake zama a yi wa lissafi. Sai na ce mu tafi da namu. Aka yi jalof da kaza, aka soya dankalin turawa, aka yi haɗin kabeji da karas aka zuba masa bama, aka cika jarka da kunun aya. Bayan sallar Asuba muka ɗau hanya, ni da ita da yara uku da Hajiya, mahaifiyarta, wadda ta yi Sallah a wurinmu kuma take so ta ga ɗanta a Kubwa.

Ƙannena da kuka fara tara iyali, ku nake rubuta wa wannan. Abin da ya same mu ranar nan duk daga ni ya fito, kuma ba na so ya sami ɗayanku.

Mu mutanen Jos sanyi ya shagwaɓa mu. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga doron teku. A gidajenmu an saba a dafa abinci da safe a rufe, da yamma a ɗumama a ci, ba abin da ya faru. Da wannan sabon na loda kula a but. Ban tuna ba cewa da zarar ka sauka Hawan Kibo ka bar sanyin a bayanka. Kafin Akwanga mun cire rigunan sanyi, a Keffi yara sun fara neman ruwa, cunkoson Mararaba da Nyanya kuma ya cinye mana fiye da awa ɗaya. A watan Maris da Afrilu zafin Abuja da rana yakan wuce digiri 35, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi na waje nesa ba kusa ba.

Wajen sha biyun rana muka isa filin wasan. A ƙofa mai gadi ya ga kula a hannuna, ya ce ba a shiga da abincin waje. Dokar wurin ce, kuma wurare da yawa haka suke yi. Da na buga waya ko na tambayi surukina da ke garin tun kafin mu taso, da na sani, ba a fafe gora ranar tafiya. Maman yara ta ce, "Abban yara, mu nemi inuwa mu ci tukuna, sai mu shiga." Na dubi layin tikiti yana ƙara tsawo, na dubi yara suna tsalle, na ce a mayar da kula mota, in mun fito ma ci. Maganarta ce daidai, ni kuma na ƙi ji.

Yaran da rabonsu da abinci tun kokon asuba, da shigarsu yunwa ta taso. Duk inda ka juya a irin wuraren nan kayan zaƙi ne ke fara tarar ido: askirim, gugguru, alawar auduga, lemon kwalba, shawarma. Ni da na zo da niyyar tsimi sai ga ni ina zaro kuɗi, don ba na so 'ya'yana su tsaya suna kallon hannun 'ya'yan wasu. Akwai son kece raini a ciki, ba zan ɓoye ba. Kowa ya ci shawarma, ya kora da lemo mai gas, ya ɗora askirim. Ko minti goma ba a yi ba na ce su tashi, kuɗin tikiti na tafiya, muka nufi lilon nan mai juya mutum kamar majajjawa.

Na tsakiyan, mai shekara bakwai, tun yana sama na ga ya daina dariya. Yana sauka ya dawo da duk abin da ya ci, a jikinsa da takalminsa, a gaban jama'a. Ya yi ta kuka, kukan kunya. Daga baya na fahimci yadda abin yake. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda jiki ya karkata. In ana hajijiya da mutum, abin da kunne ke faɗa da abin da ido ke gani sai su saɓa, daga nan jiri da tashin zuciya ke tasowa. Cikin da aka cika da maiƙo da gas da madara mai sanyi kuwa ba ya jira. In za ku kai yara, ku sa su fara hawan masu juyi da cikin da ba nauyi, ɗan biredi da shayi ko ayaba. Abinci mai nauyi sai an sauka, kuma in an ci a ba shi kamar awa guda ana zagayawa a ƙasa, ko a hau motocin karo da dokin katako masu tafiya a hankali.

Amma abin da har yau yake cin raina shi ne na Hajiya. Tana da ciwon suga, ta sha maganinta da asuba da ɗan koko. Lokacin da na sayo shawarma na miƙa mata tata, na ce, "Hajiya, ga wannan a taɓa." Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya yi albarka." Na juya na bi yara, a tunanina na sauke nauyi. Ban tsaya na tuna ko wace ce ita ba. Dattijuwar da tunda na auri 'yarta ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, ita ce za ta buɗe takarda a kan benci, a tsakiyar jama'a, surukinta na kai-komo, ta ci? Jaka ta saka. Kuma ba za ta taɓa cewa tana jin yunwa ba, ko da za ta faɗi. Wannan kawaicin da shi aka rene su, mu ne ya kamata mu san da shi mu yi masa tanadi.

Bayan Azahar babbar 'yata ta zo da gudu ta ce, "Abba, zo ka ga Hajiya, zufa take yi, hannunta na rawa." Na tarar da ita ta jingina da 'yarta, magana na fita da ƙyar. Wata baiwar Allah da ke zaune kusa, ta ce ita nas ce, ta tambaya ko Hajiya na shan maganin suga, ta tambaya yaushe rabonta da abinci. Ta sa aka kawo lemon kwalba mai suga, aka ba ta rabi ta sha a hankali, muka jira kamar minti goma sha biyar, sai ga idonta ya dawo. Sannan ta ce mu maza mu ja da baya, matan suka kare ta da mayafi ta ci abin da ke jakarta. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

Ku riƙe wannan da kyau. Mai yin allurar insulin, da mai shan wasu daga cikin ƙwayoyin ciwon suga, in ya sha magani bai ci abinci ba sugansa na iya faɗuwa: zufa, rawar jiki, jiri, rikicewar magana. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi nan take, kamar cokalin shayi uku na suga a ruwa ko rabin kofin lemo, sannan a bi da abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a yi asibiti da shi. Kuma in kun fita da tsoho, iyayenku ne ko surukai, ku fara neman inda zai zauna ya ci abinci a suturce kafin ku nemi inda ake sayar da tikiti.

Da abin ya tsaya nan da na gode Allah. Bayan Magariba muka isa Kubwa. Aka buɗe but, jarkar kunun aya ta kumbura, ana buɗewa tsami ya buge mu, aka zubar. Haɗin kabeji ya saki ruwa, shi ma aka zubar. Shinkafar kuwa da na sunsuna ƙamshinta na nan, ba yauƙi, ba komai. Matar gidan ta yi tuwo da miyar kuka, ta ce a bar shinkafar. Yara suka ce su jalof suke so. Ni kuma an rene ni a gidan da ba a zubar da abinci, ga kaza guda a ciki, na ce a ɗumama ta sosai a ba su, ai wuta na kashe komai.

Kafin sha ɗayan dare su ukun suna amai. Manyan biyu suka lafa da asuba. Autan, mai shekara huɗu, ko ruwa aka ba shi sai ya dawo, idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe. A asibiti muka ƙarasa daren ana yi masa ƙarin ruwa. Likitan tambaya ɗaya ya yi mini: yaushe aka dafa shinkafar? Na ƙirga a yatsa, awa goma sha biyar, fiye da rabinsu a cikin mota a rana.

Shi ya yi mini bayanin abin da ban sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ake samu a ɗanyar shinkafa, irinta ba ya mutuwa da tafasa. In an sauke shinkafa aka bar ta da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta zuba dafi a ciki. Dafin nan ɗumame ba ya kashe shi, kuma hanci ba lallai ya ji shi ba. Kunun aya yana tona wa kansa asiri, shinkafa ba ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2; ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Kula tana riƙe zafi na 'yan awoyi ne, daga nan sai ta koma riƙe ɗumin da ƙwayar ke so. Kazar da na ji tsoron asararta, kuɗin asibitin daren nan ya sayi irinta da yawa. Gudun almubazzaranci abu ne mai kyau, amma wurin yinsa shi ne lokacin auna shinkafa a kwano, a dafa daidai abin da za a cinye da wuri.

Tun daga ranar ba na tafiya da yara sai da ƙullin ORS daga kemis, wato garin gishiri da suga da ake jiƙa wa mai amai ko gudawa, a jakar mamansu. In babu, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. In ya kasa riƙewa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya yi laushi, ba sauran jira.

Yanzu in za mu Abuja mukan tafi tun jajibere mu kwana, da safe a karya a gida, mu isa wurin wasa ana buɗewa, rana ba ta yi ba, layi bai yi tsawo ba. Guzurinmu ya koma irin na kakanninmu matafiya, waɗanda suka san hanya da zafi fiye da mu: dambun nama, kilishi, cincin, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, lemun ɓawo. Ruwan gora a daskarar da shi tun dare, yana narkewa ana sha. Tun a mota nake gaya wa kowane yaro abu ɗaya zan saya masa a ciki, ya zaɓa, kuma na ga sun fi jin daɗin ɗayan nan a kan tarin da na saya musu wancan karon. In za mu sayi abinci mai nauyi, sai wanda aka gasa ko aka soya a gabanmu yana tururi, kuma ba na jin nauyin tambayar naman me ne. In kuma namu muke son ci, Millennium Park da ke Maitama yana nan, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003 zamanin Obasanjo. Ciyawa ce da bishiyoyi, iyalai na shimfiɗa tabarma su ci a natse.

Hajiya ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Ni na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, ɗan nan, Allah ya tsare gaba." Da hutun Disamba ta sake zuwa Jos, muka fita da ita Wildlife Park, gandun dajin da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Daga gida zuwa can ba nisa, masar da aka sauke ƙarfe tara tana tururi muka isa. Na shimfiɗa mata darduma ita kaɗai a ƙarƙashin bishiyoyi, nesa da hanya, maman yara ta ajiye mata kwanonta da fulas ɗin shayi. Na ce wa yara su zo mu je wajen dabbobi, na ja su muka daɗe da gangan. Da muka dawo kwanon a rufe yake, ba komai a ciki, ta ƙulle wa autan ɗan kilishi a bakin mayafinta.