"Mi ya same ki kika rame haka?"

Ko jaka ban ajiye ba Gwaggo ta kamo hannuna ta jawo ni tsakar gida wajen haske, ta dube ni sama da ƙasa kamar mai taya akuya a kasuwar Mai'adua. "Ke ɗiyar nan, mi ya same ki kika rame haka? Ina jikin da muke gani a waya?" Matan da suka taru don shirin bikin ƙanwata duk suka yi tsit. Inna tana bakin murhu, ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya ta mayar da kai kan tukunya. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗi, balle ta yi mani tambaya a gaban mutane.

Shekara uku da wata uku ke nan rabona da Katsina. A watan Satumba na 2021 na bi maigidana Ingila, garin Shefild, inda ya je karatun digiri na biyu. Lokacin ana barin ɗalibi ya tafi da iyalinsa. Sai a Janairun 2024 aka rufe wannan ƙofa ga mafi yawan masu irin karatunsa. Ranar da za mu tafi, addu'ar da mata suka fi yi mani bayan ta haihuwa ita ce Allah ya sa ƙasar ta karɓe ni. Kowa ya san fassararta: in dawo ɓul-ɓul, fata luwai-luwai, a gane daga nesa cewa hutu ya zauna.

Kuma ta karɓe nin, irin karɓar da suke nufi.

Abin da ya fara ruɗa ni duhu ne, tun kafin sanyi. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke cunkushe, da alwala ɗaya sai ki sallace su. Ranar ma in ta fito ba ta da wani zafi, kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Ɗakinmu ɗaya ne da kicin a hawa na uku. Babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo aron rariya, babu almajirin da zai yi sallama. Na taɓa yin kwana biyar ban taka ƙasa ba.

Takardar maigidana awa 20 kawai ta ba shi damar yin aiki a mako, ni kuwa tawa ba ta da wannan iyaka, ga haya ga kuɗin wuta. Sai na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, aikin dare, takwas zuwa takwas. Wanda bai yi aikin dare ba bai san yunwar ƙarfe uku ba. Ba yunwar tuwo ba ce, jiki ne ke roƙon zaƙi don ya tsaya a farke. A ɗakin hutun ma'aikata kuwa kullum akwai gwangwanin biskit da cakulan da dangin tsofaffin ke kawowa. In sha shayi da suga cokali uku, in dawo gida da safe in ci biredi da soyayyen dankali, in kwanta barcin da ba ya kai awa biyar. Can irin wannan abincin shi ne mai araha. Kifi da ganye su ne na masu hali. Na bar gida ina kilo 62, kafin shekara ta zagayo na kai 79.

Duk kiran bidiyo sai an yi guɗa. Gwaggo ta ce masha Allah, yaron nan ya iya kiwo. Ƙannena suka riƙa ɗora hotona a WhatsApp. Wata ƙawata ta biyo ni ta gefe tana magiya in gaya mata man da nake shafawa, wai na yi haske. Wallahi man kaɗen da na taho da shi daga gida ne kawai. Hasken da ta gani na rashin rana ne, irin na ciyawar da aka kife da ƙwarya.

A daidai lokacin da ake yabon nan, ƙashin bayana da ƙwaurina ciwo suke kamar an yi mani duka, gashin gaban kaina yana bin mataji, hawa ukun gidanmu sai na huta sau biyu. Da na je wurin likita aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna bitamin D ɗina ya yi ƙasa ƙwarai. Ta yi mani bayani cewa fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasarsu ba ta da ƙarfin yin wannan aiki ko ga Bature, shi ya sa hukumar lafiyarsu ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 kullum a waɗannan watanni. Mai baƙar fata kuwa, musamman mai rufe jiki irina, gara ta sha duk shekara. Sai ta juya kan suga. Awon ya nuna 44. Daga 42 zuwa 47 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, 48 ya shiga. Na ce ai shekarata talatin da ɗaya. Ta ce su Turawa daga arba'in haɗarin ke ƙaruwa, mu 'yan Afirka da mutanen Indiya da Pakistan tun daga ashirin da biyar. Ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya cikina, ta ce ƙa'idar mai sauƙi ce, kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Tsawona santimita 160. Tef ya tsaya a 94.

Na fito ina tuna guɗar Gwaggo.

A wurin aikin akwai wata tsohuwa mai shekara 91 da nake shiryawa kafin in tashi. Ba ta yarda a fito da ita karin kumallo sai an taje mata kai, ta sa jan baki, an maƙala mata 'yan kunne. Da farko abin dariya yake ba ni, ina cewa a raina wa za a yi wa kwalliya a wannan shekaru. Fatar hannunta kamar takardar da aka dunƙule aka warware, duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ita da kanta ta ce mani aikin rana ne: shekara da shekaru suna zuwa Sifen ita da mijinta su kwanta a bakin teku har su yi ja, ga taba da ta sha kusan shekara arba'in. Wata safiya ta shafa damtsena ta tambayi shekaruna. Da na faɗa mata ta ce ƙarya nake, ban wuce ashirin da biyu ba. Baƙin da ke fatarmu yana tare zafin rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana. Amma matar nan da sandarta take zagaya lambu sau biyu kullum, ni kuwa da ta kira yarinya ina haki a matakala. Nata tsufan a fuska ya fito, nawa ya ɓuya a jini inda ba mai gani ya yi mani jaje.

Wani kuskure da na tafka a watannin farko har yanzu ina jin kunyarsa. Akwai wata abokiyar aiki da ta kusa sa'ar Inna. Bakina ya kasa kiran sunanta gatsau, sai na ce mata mama. Matar nan ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata da kyau. Wata 'yar Gana ce ta ja ni gefe ta ce na kira ta tsohuwa. A Katsina mace ta kai arba'in tana jiran a fara ce mata Hajiya ko Umma, ta ƙara faɗin mayafi, ta rage sauri, a tashi a ba ta kujera. Girma abin nema ne. Can kuwa guje mashi ake yi: a rina furfura, a ɓoye shekaru, mai jikoki ta sa kambas tana gudu a titi. Ban ce nasu ya fi ba. Na ga tsofaffin da aka yi wa ado tsaf suna kallon ƙofa daga Lahadi zuwa Lahadi ba wanda ya shigo, na kuma ga yadda kaɗaici ke cinye mutum fiye da kowace cuta. Amma zaman da muke kira girma, mace ta zauna a kawo mata komai har ruwan alwala, shi ne ke kashe gwiwoyin iyayenmu mata tun ba su kai sittin ba.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne shagunan da 'yan mata ke biyan kuɗi su shiga wani akwati mai fitilu don fatarsu ta yi duhu. Tun 2009 hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa akwatunan nan a sahu ɗaya da taba wajen jawo cutar, Ingila kuma ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga. Duk da haka ana layi. A titi ɗaya, in kin san wanda za ki tambaya, ana sayar da man bilicin a ɓoye, don doka ta hana sa sinadarin haidirokwinon da zaiba a kayan shafa. Masu sayensa mu ne.

Gyaran da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na roƙi a mayar da ni aikin rana, aka yi bayan wata huɗu. Shefild gari ne na tuddai, duk inda kika nufa sai kin hau ko kin gangara, sai na daina shiga bas, na sa kambas a ƙarƙashin dogon hijabina ina taka minti arba'in zuwa aiki. A wani shagon 'yan Pakistan na ci karo da garin gero, su bajra suke ce mashi. Na tsaya a gaban kanta kamar na ga ɗan'uwa. Na koma kunu da tuwo da miyar kuka, na yi sallama da gwangwanin biskit. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko 64, suga ya koma inda ya kamata.

Ina wannan hawa da gangara nakan tuna kakata da ke wani ƙauye a ƙasar Daura. Ta haura tamanin, bayanta a miƙe, har yanzu tana surfe. Furarta da tuwon dawarta, barci bayan isha, tafiyar ƙafa zuwa duk gidan suna da gidan gaisuwa. Sai dai ba na cikin masu cewa mutanen da sun fi mu lafiya. Hayaƙin itace ya cinye mata idanu, goro ya gama da haƙoranta, sa'o'inta da yawa a wajen haihuwa suka tafi. Waɗanda suka rage muke gani mu yi ta yabo.

To, ga ni a gidan biki da kilo 64, ana kallona da tausayi. Amarya kuwa an yi mako uku ana gyara ta. Dilka da halawa da turaren wuta da lalle ba ni da ta cewa a kansu, ni ma na zauna an yi mani. Amma na ga wani haɗin mai a roba marar suna, na ga gaɓoɓin yatsunta sun fi sauran hannun duhu. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa tun 2023, mai gyaran jikin ko a jikinta. Rana ta uku Gwaggo ta kira ni bayan ɗaki ta danƙa mani wani ƙullin leda. "Ungo, ɗaya da safe ɗaya da dare. Kafin ki koma kin ciko." Sha-ka-fashe ne. Na juya katin na karanta: deksametazon. Na san shi, muna ba tsofaffi shi bisa umarnin likita, ana ƙirga kwanakin. Kumburin da yake sa fuska da ciki shi ake kira ƙiba, alhali yana tayar da suga da hawan jini, yana cinye ƙashi. Na ce, "Gwaggo, wannan in na sha asibiti za a kai ni." Ta ce Turai ta koya mani tsoro. Da na bincika, amaryar ma an fara ba ta. Wannan kam mun yi rigima a kai, ban kuma yi nadama ba, sai dai na kai ta wurin likita ya tsara mata yadda za ta rage a hankali, don ba a yanke shi rana ɗaya.

Daren da aka kai amarya, gida ya yi shiru, Inna ta shigo ɗakin da nake kamar mai neman wani abu a cikin kwalla. Ta juya mani baya tana ta buɗe murfi tana rufewa. Can ta ce, da bango take magana, "In akwai abin da ake yi maki can, gidan ubanki bai rushe ba." Sai a lokacin na gane abin da ramata ke faɗa masu. Ba kyau suke aunawa ba. Mijina ake tuhuma. Na buɗe waya na nuna mata sakamakon awon farko da na baya, na yi mata bayanin tef ɗin tela. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Ta ɗan tsaya, ta ce ita ma an ce mata jininta ya hau, tun bara, ba ta gaya wa kowa ba.

Sauran kwanakin na ci gaba da fita bayan asuba, daga Ƙofar Marusa in miƙe har in hango hasumiyar Gobarau in juyo, hazo ya rufe gari, leɓe yana tsagewa. Kusan kullum sai wani mai Napep ya rage gudu a gefena. Ɗaya har ya ce, "Hajiya, in kuɗin ne babu shigo don Allah, sai in sauke ki." Na yi mashi godiya na ce tafiyar nake so. Ya dube ni ta madubi, ya girgiza kai, ya ja abinsa.

Ranar komawa, na buɗe jakata a filin jirgin Kano don a duba, sai ga kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da na san da su, ga kuma wata kwalba naɗe cikin tsohon zanen Inna da ban san da ita ba. Man shanu ne, soyayye, cike har wuya.