Shawara Ga Matasa Masu Nazarin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa

Ɗalibin da ya shiga sashen kimiyyar siyasa zai tarar da manyan mazhabobi uku suna jiran sa. Ta farko, wadda ake jingina wa Hans Morgenthau da Kenneth Waltz, tana cewa babu wani mai hukunci a saman ƙasashe, saboda haka kowace ƙasa muradinta take karewa, kuma ƙarfin soja da na tattalin arziki ne ke raba gardama. Ta biyu, ta su Robert Keohane da Joseph Nye, tana ganin ciniki da yarjejeniyoyi da ƙungiyoyi suna ɗaure ƙasashe da juna har yaƙi ya zama asara ga kowa. Ta uku, wadda Alexander Wendt ya yi fice a kanta tun 1992, tana cewa gaba da aminci suna tasowa ne daga yadda al'ummomi suka ɗauki kansu da maƙwabtansu.

Ni ta farko na riƙe, domin tana sa matashi ya ji ya waye, ya riƙa kallon masu maganar zumunci a matsayin waɗanda ba su san duniya ba. Rikicin Nijar ne ya nuna mini iyakarta.

Da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS sun taru a Abuja ranar 30 ga watan, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya kuma ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Sai na auna yawan sojoji da girman arzikin ɓangarorin biyu, na rubuta da gadara cewa ko dai sojojin su sauka ko kuma a far musu. Babu ɗaya da ya faru. Lissafina bai san da Illela da Ƙonni ba, bai san da Jibiya da Maraɗi ba, inda mutum kan kwana a ƙasa ɗaya ya je jana'izar kawunsa a ɗayar, kuma bai san da manyan motocin da suka yi layi a bakin iyaka kayansu suna lalacewa ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura sojoji. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi ta dawo daga Yamai ba ta ga shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ba, amma shi Tiani ya karɓi Muhammadu Sanusi na Biyu, sannan ya zauna da ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, abin da ya nuna cewa mazhaba ta biyu ma ba ta tsira ba. Saboda haka, ƙannena, idan lamari ya taso ku gwada shi da dukkan ukun, ku fi mai da hankali kan wadda ba ku so, domin a nan ne yawanci abin da ya ɓace muku yake.

Tuntuɓe na biyu a waya na yi shi. Wata takarda mai tambari da sa hannu ta yi ta yawo a WhatsApp a matsayin wasiƙar wata ma'aikatar harkokin waje, na gina sharhi a kanta, daga baya ta tabbata ƙirƙirarriya ce. Kafin ku dogara da takarda, ku nemo ta a shafin hukumar da aka ce ta fitar, ku duba ko ɗaya ɓangaren ya mayar da martani, domin ƙasa ba ta cika yin shiru a kan wasiƙa ta gaskiya ba.

Ko da maganar ta tabbata, ku tambayi kanku da wa ake yi. A Disambar 2024 Janar Tiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, cikin sa'o'i bidiyon ya cika wayoyi a Kano da Sakkwato, har Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya fito a BBC Hausa ya musanta. A ganina, zaɓen harshen ya nuna cewa talakawan ƙasashen biyu ake neman shawo kansu, ba jakadu ba. Ainihin sulhu kuwa har yau a ɓoye ake ƙulla shi: ganawar sirri a Oman ce ta share fagen yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015, kuma sanarwar sasanta Saudiyya da Iran a Beijin a Maris na 2023 ta zo wa masu sharhi da yawa ba zato. Jakada yana buƙatar sirri, shi ya sa Kim Darroch, jakadan Birtaniya a Amurka, ya ajiye aiki a 2019 bayan an fallasa rahotanninsa a kan gwamnatin Trump.

Akwai kuma sababbin 'yan wasa da tsofaffin malaman ba su tanadar musu gurbi sosai ba. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ta zauna da kamfanin kamar yadda ake zama da wata ƙasa, Denmak kuwa tun 2017 ta naɗa jakada na musamman ga kamfanonin fasaha.

Na yi sakaci da koyon Faransanci, na kuma daɗe ina jin labarin Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta tsara hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe, ba tare da na karanta ta ba. Kada ku bi sahuna. Sashe na 9 ya ba ƙasa damar korar jakada ba tare da ta faɗi dalili ba, amma da sojojin Nijar suka umarci jakadan Faransa Sylvain Itté ya fita a Agustan 2023, Faransa ta ƙi janye shi har ƙarshen Satumba, bisa hujjar cewa ba ta amince su ne gwamnati ba. Wanda ya karanta sashen ya gane tun ranar farko cewa takaddamar a kan halaccin mulki take, ni kuwa na ɓata makonni ina tafka muhawara a kan ƙarfin soja.