Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, sakamakon gwajin ɓargo ya fito, likita ya ce cutar sankarar jinin da nake fama da ita ta lafa. Akwai sauran magani da komawa asibiti a gabana, amma an sallame ni, ina gida. Kun bi abin tun farko, ba sai na maimaita ba. Wannan rubutun ma da hutu na yi shi, in ajiye waya in lumshe ido, in sake ɗauka.

Masu gaisuwa kan tambaye ni ina ke mini ciwo. Wallahi abin da ya fi galabaitar da ni a sankarar jini gajiya ce, wadda barci ba ya maganinta. In kwana in tashi kamar na yini ina dako. Likita ya yi mini bayani: a ɓargo ake samar da jini, to gurɓatattun fararen ƙwayoyi sun cika wurin sun hana jajayen yawaita, alhali jajayen ne ke kai iskar oksijin ko'ina a jiki. Kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya zo ya ƙara danne ɓargon, tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye jini ke yin ƙasa sosai.

A irin wannan tsakanin ne wani dare a asibiti na tashi zan shiga banɗaki, ban so in tayar da Umma ba don ta daɗe ba ta runtsa ba. Ban kai ƙofa ba ƙafafuna suka ƙi. Na sulale na zauna a ƙasa, zuciyata na bugawa har cikin kunne, na buɗe baki in yi kira, murya ba ta fito ba. Nan na tuna 'ya'yana, na ce shi ke nan. Sai ga ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ja hannuna ba. Zama ta yi kusa da ni a kan siminti da fararen kayanta, ta riƙe wuyan hannuna tana duba agogo, ta ce, "Yaya, kada ki yi magana, numfashi kawai za ki yi, ina nan." Sai da na dawo hayyacina ta kawo keken marasa lafiya, kafin asuba an ɗaura mini jini. 'Yar'uwa, Allah Ya tsaya miki ranar da babu mai tsayawa wani, Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a.

Ƙanena da abokansa da suka riƙa zuwa ba da jini duk lokacin da aka ce himoglobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin da ake aunawa a gane ƙarancin jini, ya sauka ƙasa da 7, wasunku ban ma san fuskarku ba. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, ku sani da ita na samu ƙarfin zama in taje wa autata kai. Allah Ya mayar muku da ninkinsa, Ya ba ku lafiya mai amfani.

Umma, na san ba kya son a faɗa, amma sai na faɗa. Ke kika sa kujera a banɗaki don in yi wanka a zaune, ke kika lura na fi ƙarfi da safe kika mayar da komai mai muhimmanci can. Baban yara, kai ke riƙe ni mu ɗan taka kowace yamma kamar yadda likita ya ce, ko da ina kuka ina cewa a bar ni. Allah Ya biya ku da Aljanna.

Akwai na jikina da na sa ran gani ban gani ba, har labari ya zo mini wai son jiki ne, tunda ga ni ina magana. Ya yi mini zafi. Allah Ya sa uzuri ne ya riƙe su, kada Ya ɗora wa kowa wannan cuta.

Har yanzu ƙarfina bai dawo ba, an ce yakan ɗauki watanni. Idan kun kira ban ɗaga ba, ku yi haƙuri. Mai mura ko tari ya dakata da ziyara tukuna, garkuwar jikina tana ƙasa, zazzaɓi ya kai maki 38 a ma'aunin zafin jiki dole in koma asibiti a take. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, da waɗanda na baro kwance a ɗakinmu. Allah Ya tashi kafaɗunsu, amin.